Kwana 12 a Amurka da iyali: ina za mu je, kuma za a iya kai yarinya bakin teku?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san ƙasar. Ƙanena zai gama digiri na biyu a wata jami'a da ke Greensboro, jihar North Carolina, cikin watan Mayu, kuma Allah ya sa ni da uwargida da 'yarmu mai shekara bakwai mun samu biza. Kwana 12 gare mu, biki zai ci biyu. Ga yadda na raba sauran: New York biyu, Miami biyu, Las Vegas ɗaya, Los Angeles biyu, Washington uku. Ita yarinyar babu abin da take ambato sai teku, don iyakacin ruwan da ta taɓa gani shi ne na Tiga. Ni kuwa ina ɗari-ɗari da bakin tekun Turawa, kun dai gane. Me kuka gani?

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam. Alhaji, wannan ai ba yawon buɗe ido ka tsara ba, yawon filin jirgi ne. Ni a Greensboro ɗin nake zaune, tirela nake ja, babu kusurwar ƙasar nan da taya ba ta kai ni ba. Daga New York zuwa Los Angeles awa shida ne a sama. A ƙasa kusan kilomita 4,500 ne, ka lissafa Kano zuwa Legas sau huɗu har da ɗoriya. Agogonsu ma ba ɗaya ba ne, awa uku ne tsakani. Za ka ƙare kwanakinka kana jan akwati kana bin layin bincike.

Soke Los Angeles da Las Vegas da Miami. Tsaya a gabas. Daga nan gidanmu zuwa Washington awa biyar ne a mota, daga can zuwa New York awa uku da rabi a jirgin ƙasa. Teku kuwa muna da namu, awa uku da 'yan mintuna ka isa Wilmington, ga Atlantika a gabanka.

Kuma kada ka raina Greensboro. 'Yan Nijar sun yi yawa a garin nan, Hausawa da Zabarmawa, har sai ka shiga shago ka ji ana ciniki da Hausa. Tuwo ba zai gagare ka ba.

Ɗan Gwammaja:
Ikon Allah. Ni fa a taswira na ga kamar duk kusa ne. To amma a ce mutum ya je Amurka bai ga Hollywood ba?

Malam Na-Zariya:
Na ga Hollywood, ban ƙaru da komai ba. Titi ne da taurari a jikin daɓe, da masu sayar da riguna, da wasu da suka yi shigar 'yan fim suna jira ka ɗauki hoto da su su ce kawo kuɗi. Ƙaton rubutun nan na HOLLYWOOD kuma yana can kan dutse, daga nesa za ka hango shi. Abin da ya tsaya mini a rai a Los Angeles ba shi ba ne, unguwar da ake kira Skid Row ce, layi-layi na tantuna a gefen titi, mutane suna kwana a ciki, ga dogayen benaye na ƙyalli a bayansu. Na daɗe ina kallo ta gilashin mota ban ce uffan ba.

New York ma kada a zuzuta maka. Ɗakin otal da na biya kuɗin da zai kama mini gida na wata a Samaru, idan na buɗe akwati sai na hau gado kafin in wuce. A tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa na ga ɓera kamar gafiya yana tafiyarsa ko a jikinsa.

Bahaushen Nima:
Haba Malam! Kai fa Times Square ka sauka, wurin da mu 'yan gari ba ma zuwa sai mun yi baƙo. Shekara 14 ke nan ina Bronx. New York ba a otal ake ganinta ba, a cikin jirgin ƙasa ake ganinta, wanda ba ya barci dare da rana. Ka shiga taragu ɗaya ka ji harshe goma.

Alhaji Ɗan Gwammaja, ga abin da nake yi wa duk baƙon da ya zo mini daga Accra ko Kumasi. Da safe mu gangara can ƙarshen Manhattan mu hau jirgin ruwan da ke zuwa Staten Island. Kyauta ne, ko sisi ba a biya, minti 25 ne, kuma yana wucewa ta gaban mutum-mutumin nan na 'yanci da Faransa ta ba su, wanda aka ƙaddamar a 1886. Ka tsaya ta hannun dama lokacin tafiya. A bakin tashar akwai masu tare baƙi suna cewa sai ka sayi tikiti, kada ka kula su, wuce abinka. Idan Juma'a ce mu hau zuwa Harlem, titi na 116, mu yi salla a masallacin Malcolm Shabazz. Layin nan duk 'yan Senegal ne da Mali da Gini, ga atamfa ga turare ga shinkafa da kifi. Da yamma mu dawo Bronx a ci tuwo da miyar ayoyo. Wanda na yi wa wannan bai taɓa komawa yana zagin New York ba.

Ɓera kuwa akwai, ba zan yi maka ƙarya ba.

Malam Na-Zariya:
Madalla da ka amsa da bakinka. Kuma ka faɗa masa maganar kuɗi. Ka ga kaya an rubuta dala 20, ka je biya a ce ya fi haka. Na shiga wani gidan abinci na ci na biya daidai abin da ke takarda, na fito, sai ga yarinyar da ta kawo abincin ta biyo ni har ƙofa tana tambaya ko akwai laifin da ta yi. Wallahi ban gane ba sai da abokin tafiyata ya ja ni gefe. Ashe tukwici take nufi. Tukwici kuma da ake bin mutum bashinsa?

Maman Ihsan:
Malam, ai kai ne ka ci mata haƙƙi ba ka sani ba. Ni a Houston nake, aikin jinya. A dokar tarayya mai gidan abinci zai iya biyan irin waɗannan ma'aikata dala 2.13 a awa, tun 1991 adadin bai motsa ba, da sunan tukwici zai cike sauran. Wasu jihohin sun ɗaga nasu, amma a nan Texas haka yake. Shi ya sa ake ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari idan an zauna an kawo maka. Idan a tsaye ka karɓi abincinka ka fita, ba dole. Ƙarin da ka gani a kan farashi kuma haraji ne, ba sa rubuta shi a jikin kaya. A birnin New York ya kusa kashi 9.

Bari in zo kan maganar teku, don ita ce ta sa na shigo. Yaya Ɗan Gwammaja, don Allah kada ka hana yarinyar nan. Mu nan Galveston muke zuwa, kimanin awa ɗaya daga Houston. Muna fita bayan asuba, ƙarfe bakwai mun shimfiɗa tabarma. A lokacin babu kowa sai tsofaffi masu yawo da karnuka, da masu kamun kifi, da tsuntsaye. Ina cikin doguwar rigata da hijabina nake shiga ruwa zuwa gwiwa. Kafin sha ɗaya, lokacin da masu shan rana ke fitowa, mun karkaɗe rairayi mun kama hanya. Shekara shida muna haka.

Ruwan Galveston dai ba shuɗi ba ne, kalar kunun kanwa ne, saboda lakar da koguna ke kwasowa. Ranar farko Ihsan ta ce Mama wannan ai kududdufi ne babba. Amma garin yana da tarihi. Guguwar da ta afka masa a watan Satumba na 1900 ta kashe mutum sama da 6,000, bayanta ne aka gina doguwar katangar da ke bakin ruwan. Kuma a nan ne ranar 19 ga Yuni 1865 sojoji suka sanar wa bayin Texas cewa sun 'yantu, shekara biyu da rabi bayan an riga an yi shelar a Washington. Ranar ce ake kira Juneteenth, ta zama hutun ƙasa a 2021.

Malam Na-Zariya:
Hajiya, da girmamawa, ban yarda ba. Na je taro Miami, aka ce a fita shan iska South Beach da la'asar. Ko minti biyar ban yi ba na ranta a na kare. Abin da ido ya gani ba ya faɗuwa a zauren da ke da mata. Mutum ya ɗauki matarsa da 'yarsa ya kai su wurin da ya san abin da ke can, me zai ce ranar gobe? Wanda ya yi kiwo a gefen shinge ai ya kusa faɗawa.

Maman Ihsan:
To Malam, kai ma ka zaɓi South Beach, da la'asar kuma! Kamar baƙo ne ya sauka Kano a kai shi mashaya da tsakar dare, ya koma garinsu ya ce ya ga Kano. Gaɓar tekun ƙasar nan dubban kilomita ce. Akwai inda za ka yi tafiyar rabin awa ba ka haɗu da mutum biyar ba.

'Yar Sakkwato:
Ina bayan Anti. Ni ɗaliba ce a Michigan, mu ba mu da teku amma muna da tabkin Michigan, wanda idan ka tsaya bakinsa ba ka hango ɗaya gefen. Ga rairayi ga igiyar ruwa, kuma babu gishiri. Muna zuwa da 'yan uwa Larabawan Dearborn, kowa da kayan iyonta masu rufe jiki daga kai har idon sawu, ana sayar da su a shaguna. Ba wanda ya taɓa ce mana kanzil. Abin da na lura, Ba'amurke a bakin ruwa ba ruwansa da kai, littafinsa yake karantawa.

Malam kuma, idan tsiraici ne abin gudu, to lokacin zafi a titin New York ma sai ka runtse ido. Ba teku ne ya kawo shi ba.

Malam Na-Zariya:
'Yata, titi lalura ce, teku ganin dama ne. Akwai bambanci.

Ɗan Damagaram:
Ku bar ni in raba wannan gardama, don ni na san wurin da za shi. A tsakiyar Mayu yara ba su samu hutu ba, cunkoson bakin teku sai ƙarshen wata yake farawa. Idan ya je ranar Talata ko Laraba da sassafe, Malam ko kai ne ba za ka samu abin runtse ido ba. Ga ruwan bai gama ɗumi ba.

Ni abin da nake tsoro daban ne, ba wanda ya taɓo shi. Ruwan ne kansa. Akwai wata igiya da ke komawa ciki da ƙarfi, tana jan mutum daga inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Wurin da take sai ka ga ya fi ko'ina kwanciya, shi ne tarkon. Mutanenmu da ba su iya iyo ba su ne suke zaɓar nan. Na ga an fito da wani saurayi ɗan Afirka a gabana, Allah ya yi da sauran kwana, masu ceto biyu ne suka jawo shi yana aman ruwa. Idan ta ja ka ba a kokawa da ita, gefe ake yi, a bi tsawon gaɓa har a fita daga cikinta. Duba tuta kafin ka taka: ja, kada ka shiga, rawaya, a yi hattara, shunayya, akwai halittun ruwa masu harbi. Yarinya kuma hannunta a naka, ruwa iya gwiwarta. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Malama Ta-Bauci:
Tun ɗazu nake karantawa. Ni sau ɗaya na je, kwas na malaman tarihi na mako uku, kuma bakin teku ɗaya kawai na taka. Ban shiga ruwan ba.

Charleston ne, jihar South Carolina. Gari ne mai kyau har ya so ya yi yawa: gidaje masu launi-launi, keken doki na ɗaukar baƙi, itatuwa sun yi rumfa a kan titi. Masana suna ƙiyasin kusan kashi 40 cikin ɗari na bayin da aka kawo ƙasar daga Afirka ta tashar garin nan suka shigo. A bakin mashigar akwai wani tsibiri, Sullivan's Island, inda ake tsare waɗanda jirgi ya sauke na wasu kwanaki don gudun cuta kafin a kai su kasuwa. Yau unguwar masu hali ce. Na tsaya a kan rairayin, ga yara suna gina gida da yashi, ga wani yana jefa wa karensa ƙwallo. Na juya gabas na ce can bayan ruwan nan gida ne. Na cire takalmi, ban san dalili ba. Wata Ba'amurkiya baƙar fata da muke tare ta kama hannuna, ba ta ce komai ba, ni ma haka.

Alhaji, daga Greensboro bai kai awa biyar ba. Idan teku za ka nuna wa yarinya, ni da wannan zan nuna mata. A 2023 sun buɗe gidan tarihi a daidai matsayar jiragen da ake sauke bayin, bayan na dawo ne, ban gan shi ba.

Kuma ta nan aka shigo da Umar ibn Sa'id a 1807, malami daga Futa Toro, a yankin kogin Senegal. Ya gudu daga ubangidansa aka kama shi a Fayetteville, a jihar da ƙaninka yake, ya riƙa rubutun Larabci a bangon kurkuku har mutanen gari suka riƙa zuwa kallo. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, ya buɗe da Tabaraka. Rubutun yana babban ɗakin karatu na majalisar dokoki a Washington, sun ɗora hotonsa a intanet. Duk wanda ya yi makarantar allo zai gane hannun.

Malam Na-Zariya:
Allah ya jiƙan magabata. Amma na ji an ce ya koma Kirista daga baya.

Malama Ta-Bauci:
An yi masa baftisma, yana zuwa coci, wannan a rubuce yake. Amma bawan da aka ce ya rubuta labarinsa, ya fara da surar da ke cewa mulki a hannun Allah yake, a ƙasar da wani ke cewa shi ne ya mallake shi, ni dai na san yadda nake karanta wannan. Masana har yau suna ja-in-ja. Akwai masallaci da sunansa a Fayetteville.

Sarkin Yawo:
Duk wannan daɗin baki ne. Ƙasar da ke hana mutanenmu biza tana kora su, ku kuna nan kuna tallata mata rairayi. Ku je Yankari mana.

Mai Kula da Zaure:
Sarkin Yawo, maganar biza da siyasa tana da nata zaren. Bawan Allah ya riga ya samu, shawarar tafiya ya nema. A tsaya a kai don Allah.

Ɗan Damagaram:
Malama ta tuna mini. A cikin Greensboro ma akwai kantin Woolworth, inda ɗalibai huɗu baƙar fata suka zauna a teburin cin abincin farar fata ranar 1 ga Fabrairu 1960 suka ƙi tashi. Yanzu gidan tarihi ne, teburin da kujerun suna nan. Shekarata huɗu a garin ina wucewa ta gabansa ban shiga ba, sai da ɗana ya dawo daga makaranta da aikin gida a kai.

Sai ƙananan garuruwa. Ni a wurina nan ne Amurka, ba benaye ba. Ka shiga gari da azahar, gidaje tsaf, ciyawa an aske, tuta a ƙofa, amma tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Ba yaro a waje, ba mai talla, ba achaba, ba wanda ke tafiya a ƙasa. Idan ba ka da mota ka zama gurgu. A Lancaster ta Pennsylvania kuma na bi bayan keken doki a kan kwalta, mutanen Amish, ba sa jan wutar gwamnati zuwa gida, ba sa tuƙa mota, matansu da dogayen riguna da ɗan kallabi. Na sayi madara da burodi a hannunsu, na ce waɗannan ai Fulanin Turawa ne.

Wata rana a wani ƙauye a kudu na tsaya gidan mai, na shimfiɗa darduma bayan tirela na tayar da la'asar. Ina raka'a ta uku na ji mota ta tsaya a bayana. Na sallame, ɗan sanda ne, ya naɗe hannu yana jira. Ya ce wani ne ya buga waya wai ga mutum ya faɗi yana tashi. Ya duba lasisina, ya ce in yi haƙuri, ya tafi. Gabana ya daɗe yana faɗuwa. Tun ran nan a cikin mota nake yi idan garin ban san shi ba.

'Yar Sakkwato:
Af, alƙibla! Yaya, a nan arewa maso gabas ake fuskanta, ba gabas sak ba. Watana biyu ina salla a karkace kafin wata 'yar Yaman ta gyara mini. Sa manhaja a waya. Kuma ku taho da ƙaramar buta ko ku riƙe gorar ruwa, ban-ɗakinsu takarda ce kawai. Kada ka ɗora ƙafa a wurin wanke hannu a filin jirgi, kallon da za a yi maka ba za ka manta ba. Yi alwala a masauki ka sa safa mai kauri.

Bahaushen Nima:
Washington kwana biyu sun isa. Gidajen tarihin Smithsonian duk kyauta ne, sai dai na jiragen sama da na tarihin baƙar fata sai ka yanki tikitin lokaci ta intanet tun da wuri, shi ma kyauta. Kai yarinya na dabbobi, akwai ƙatuwar giwa tsaye a tsakar zaure. Juma'a ka yi ta a babban masallacin Massachusetts Avenue, tun 1957 yake. Idan ka tsaya gaban ginin majalisa ka tuna Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi jawabi a ciki a watan Yulin 1961, zamanin Kennedy. Ni ɗan Gana ne amma na kalli bidiyon ya fi sau biyar saboda muryar.

Ɗan Gwammaja:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na nuna wa uwargida zaren nan, ta karanta na Maman Ihsan sau biyu, na Malam Na-Zariya ta ce in wuce. Mun soke Kalifoniya da Las Vegas da Miami. Bayan biki za mu gangara Charleston kwana biyu, ranar aiki, da sassafe. Sai Washington biyu, New York uku, daga can mu tashi. Malam, na ji naka, idan na iso na ga abin da ba shi ba zan juya da su.

Tambaya ta ƙarshe. Hajiyarmu ta sa an yi wa autanta kilishi rabin ƙwarya da dambun nama, ga yaji da kuka da daddawa. Yaya ake shiga da su?

Maman Ihsan:
Kilishi da dambu ba sa shiga, Yaya. Nama ne, an hana, kuma akwai wasu ƙananan karnuka masu dogon kunne da ke zagaya akwatuna, ba sa kuskure. Kuka da yaji da busasshiyar kuɓewa na sha shigowa da su, amma ka faɗa wa jami'in kwastan duk abin ci da ke jakarka, ya duba da kansa. Idan ka faɗa, iyaka su karɓe abin da bai halatta ba. Idan ka ɓoye suka gano, tara ce.

Ɗan Gwammaja:
Innalillahi. To wa zai faɗa wa Hajiya?

Ɗan Damagaram:
Kada ka faɗa mata. Ku cinye a jirgi kafin ku sauka, akwai wani mutumin Maraɗi a nan da ke yin kilishi a bayan gidansa, zan kai ka. Ka kawo mini yajin dai.